Jirgin saman itacen balsa: Haja marar nauyi da sai an san ta ake cin ribarta

Duk wanda yake kasa kayan wasan yara a kasuwanninmu na iyaka, ko a Jibiya ne ko Ɗan Isa, Illela ko Ƙonni, Maigatari ko Magarya, ya san hajar da take tafiya idan Sallah ta matso: bindigar ruwa, motar roba mai batir, balan-balan da 'yar tsana. Yaro ya karɓa da hantsi, kafin la'asar taya ta fita, washegari ya dawo wurin ubansa da kuka. To akwai wata haja da ta daɗe a shagunan Turai da Amurka da Japan, wadda ba kasafai ake ganinta a rumfunanmu ba, wato ƙaramin jirgin sama na itacen balsa. A wargaje ake sayar da shi cikin kwali, mai saye ya je gida ya haɗa da hannunsa, ya kuma sake shi ya yi shawagi a sama da gaske.

Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayani a kan wannan haja, domin masu yin odar kaya daga Sin ko Dubai sukan ci karo da ita a jerin kayan da dillalai ke turo musu, ga kyan hoto, ga araha a ido. Amma haja ce mai sharaɗi. Wanda ya sayo ta bai san itacen ba, bai kuma san yadda ake haɗa jirgin har ya tashi ba, kwalayensa za su yi ta shan ƙura, wanda ya saya kuwa ya dawo masa da tarkace yana neman kuɗinsa. Ribar tana wurin ɗan kasuwar da zai iya tsayawa a bakin rumfarsa ya jefa jirgi ya tashi, sannan ya nuna wa uban yaro yadda aka yi.

Wane irin icce ne balsa?

Balsa bishiya ce ta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda ake ruwan sama mai yawa. Mafi yawan wadda ake sayarwa a duniya daga ƙasar Ekwado take fitowa, ta tashar jiragen ruwa ta Guayaquil, sai kuma ƙasar Papuwa Sabuwar Gini da ke bi mata. Wani abin sha'awa shi ne masana tsirrai sun sa ta a dangi ɗaya da rimi da kuka da muka sani. Idan 'ya'yanta suka nuna, sukan fashe su fitar da wata irin auduga mai kama da audugar rimi, furenta kuma da dare yake buɗewa, jemagu na cikin masu shan ruwansa.

Bishiya ce mai saurin girma ƙwarai. Cikin shekaru 5 zuwa 7 ta isa sara, tsawonta kuma yakan kai mita 20 zuwa 30. Wannan saurin girma shi ne asalin rashin nauyinta, domin cikin itacen duk 'yan ƙananan ramuka ne masu siririn bango. Tana ɗanya ramukan cike suke da ruwa, gungumen yana da nauyi. Sai an gasa katakon a ɗakin busarwa na kamar mako biyu, ruwan ya fita iska ta maye gurbinsa, sannan ya zama abin da ake nema. Busasshiyar balsa mai girman kubik mita guda takan yi nauyin kilo 160 a matsakaici. Katakon maɗaci mai wannan girman ya ninka haka sau huɗu ko biyar. Duk da rashin nauyin nan, idan aka bi tsawon jijiyarta tana da ƙarfi, shi ya sa masu ƙira suke son ta.

Icen fatake ne tun asali

Kalmar balsa a harshen Sifaniyanci tana nufin gadon fito, wato gungumen itatuwa da aka ɗaure wuri guda ana haye ruwa da su. A shekarar 1526, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Sifaniya mai suna Bartolomé Ruiz ya haɗu da wani babban gadon fito na balsa mai filafilai a tekun da ke gaɓar Ekwado. Fatake ne a kansa, ɗauke da kayan azurfa da zinariya da tufafi, suna musayarsu da wani jan ƙwanson dodon-koɗin teku wanda mutanen yankin suke darajantawa, kusan kamar yadda kakanninmu suka darajanta wuri. Ke nan tun kafin a yi mafarkin jirgin sama, wannan icce yana ɗaukar kayan fatauci.

A 1947 kuma wani ɗan ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, ya ɗaure gungumen balsa guda 9 da aka saro a Ekwado, ya sa wa gadon suna Kon-Tiki, shi da mutane biyar suka tashi daga Callao ta ƙasar Peru. Sai da suka yi kwana 101 a kan teku, suka ci kusan kilomita 6,900, kafin su isa tsibiran Tuamotu. Kafin wannan, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin de Havilland na Ingila ya ƙera wani jirgin yaƙi mai suna Mosquito, ma'ana sauro, wanda ya fara tashi a 1940. Gangar jikinsa balsa ce aka matse tsakanin fallayen katako biyu, kafintoci masu yin kujeru da gadaje suna cikin waɗanda suka ƙera sassansa, an kuma yi fiye da guda 7,700.

Abin wasan da ya haifi jirgin gaske

Ƙaramin jirgi ya girmi babba. A 1871 wani matashin Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya ƙera ɗan jirgi mai farfela wadda murɗaɗɗiyar roba ke juyawa, ya sake shi a lambun Tuileries da ke birnin Faris, ya yi tafiyar mita 40 cikin daƙiƙa 11. Shekaru bakwai bayan haka, a 1878, wani limamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar wani abin wasa mai tashi da roba, wanda aka yi bisa dabarar Pénaud. Yaran, Wilbur da Orville, suka yi ta wasa da shi har ya lalace, suka shiga ƙera nasu. Da suka girma shagon sayar da kekuna da gyaransu suka buɗe a garin Dayton, kuma da ribar wannan shago suka ƙera jirgin da ya tashi da mutum ranar 17 ga Disamba, 1903, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci mita 37. Shekaru 22 bayan haka, a 1925, jiragen sama suka fara sauka a Kano.

Masu ƙera ƙananan jirage na farko da gora da waya da wasu itatuwa masu nauyi suke aiki. A ƙarshen shekarun 1920 balsa ta fara shiga hannunsu a Amurka. A 1930 wani matashin Ba'amurke, Joe Ehrhardt, ya je Ingila ya cinye gasar kofin Wakefield da jirgin balsa, daga nan kowa ya gane inda aka dosa. Har yau ana wannan gasa ta jirage masu roba a ƙarƙashin ƙungiyar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905. Akwai ma wani rukuni da ake kira F1D, na jiragen da ake tashi a cikin rufaffen wuri. Faɗin fikafikansu ba ya wuce santimita 55, nauyinsu kuma giram 1.4 ne mafi ƙaranci, wato bai kai sulusin nauyin takardar A4 guda ba. Irin waɗannan sukan yi fiye da minti 20 suna kewaye a sama da 'yar roba ƙasa da rabin giram, an kuma sha yin gasar a cikin wani tsohon ramin haƙar gishiri da ke Slanic ta ƙasar Romaniya.

Yadda ake gane falle mai kyau

Iri biyu hajar take zuwa: fallayen katako da tsinkaye zalla, ko kuma kwali mai ɗauke da komai, wato zanen jirgin, sassan da aka riga aka yanka, takardar rufi, farfela da roba. Fallen Turai faɗinsa santimita 10 ne, tsawonsa mita guda. Na Amurka faɗinsa inci 3 ko 4, tsawonsa inci 36. Kaurin da aka fi amfani da shi a ƙananan jirage shi ne milimita 0.8, da 1.5, da 3.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani shi ne balsa ba nauyinta ɗaya ba, ko da daga bishiya ɗaya aka yanko. Don haka sikeli ake sa mata, irin ƙaramin nan na masu sayar da gwal. Falle mai kaurin milimita 1.5, faɗi santimita 10, tsawo mita guda, idan ya yi giram 15 ko ƙasa, to na musamman ne, shi ake sa wa wutsiya da fikafikai. Idan ya yi giram 24, matsakaici ne, yana yin kowane aiki. Idan ya haura giram 30, mai tauri ne, sai dai a yi hancin jirgi ko ƙashin fiffike da shi. Idan kuwa ya kai giram 45 ko 50, to a binciki dillali, domin akwai wasu fararen itatuwa da ake kawowa da sunan balsa. Balsa ta gaskiya, ana danna mata farce take lotsawa.

Har ila yau, a duba yadda aka tsaga fallen. Masu sana'ar sun kasa shi uku. Samfurin A yana da dogayen jijiyoyi a miƙe, yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, shi ake naɗe gangar jiki da shi. Samfurin C yana da ɗigo-ɗigo masu sheƙi, ba ya son lanƙwasa, shi ne na haƙarƙarin fiffike da wutsiya. Samfurin B yana tsakani. Game da kwalaye kuma, waɗanda aka yanka da na'urar leza ana gane su da baƙi-baƙin ƙuna a gefe, sun kuma fi tsafta. Waɗanda aka buga da wuƙar inji sau da yawa gefensu a murƙushe yake. Sannan a bambanta jirgin ado da jirgin tashi. Yawancin masu kama da jiragen yaƙi da aka yi da katakon filawud na ajiyewa ne a kan tebur, ko an jefa su ƙasa suke yi.

Yadda ake haɗa na farko

Hausawa na cewa da rarrafe yaro kan tashi. Mai koyo ya fara da jirgin jifa, wanda ba shi da farfela. Kayan aikin duk ana samunsu a kasuwa: reza sabuwa, rula ta ƙarfe, samfefa mai laushi, fil, farin gam na kafinta, leda, da allo shimfiɗaɗɗe mai taushin da fil zai shiga.

A yanki fiffike daga falle mai kaurin milimita 1.5, tsawo santimita 30, faɗi santimita 7, jijiyar itacen ta bi tsawon fiffiken. Wannan sharaɗi ne babba, domin idan jijiyar ta gicciye, jifa ɗaya zai karye. Falle guda yana ba da fikafikai uku. A goge saman da samfefa, bakin gaba ya yi kumburi kaɗan, na baya ya yi siriri kamar bakin wuƙa. Sai a tsaga shi a tsakiya, a danne rabi ɗaya a kan allo, a ɗaga ƙarshen ɗaya rabin da santimita 7, a zuba gam a mahaɗar a bar shi ya bushe. Idan an ɗora shi daidai, kowane gefe ya ɗagu da kusan santimita 3 da rabi. Wannan ɗaguwar ita ke hana jirgi kifewa, domin duk lokacin da ya karkata gefe guda, fiffiken da ya yi ƙasa yakan fi kama iska, ya mayar da shi daidai. 

Gangar jiki sanda ce mai tsawon santimita 30 daga katako mai kauri da tauri. Wutsiyar kwance a yanke ta daga falle mafi siriri, santimita 12 da 4, ta tsaye kuma santimita 4 da 4. A manna su a ƙarshen sandar, a tabbata ta kwance ta kwanta sosai, ta tsaye ta miƙe cak. Fiffiken kuma a ɗora shi kamar santimita 8 daga hanci, a sa ɗan tsinke a ƙarƙashin bakinsa na gaba domin ya ɗagu da milimita ɗaya ko biyu. Gam kaɗan ake sawa, domin gam ya fi balsa nauyi.

Wanda hannunsa ya faɗa sai ya wuce zuwa mai farfela, wanda ake gina shi kamar yadda ake ɗaura tankar ɗaki kafin a yi baibaya. A shimfiɗa zanen a kan allo, a rufe shi da leda don kada gam ya kama shi, a jera tsinkayen a kan layukan zanen. Fil ɗin a kafa shi gefe da gefe ya riƙe tsinke, kada a soke tsinken da shi, tsagewa zai yi. A gina ɓangaren dama na gangar jiki, a ɗora leda, a gina na hagu a kansa domin su zo daidai, sannan a haɗa su da 'yan gajerun tsinkaye. Fiffike kuma haƙarƙari ake jerawa a kan dogon ƙashi guda. Bayan an goge komai, sai a rufe da takarda mai shara-shara, a fesa mata ruwa kaɗan, a danne sashen a kan allo har ya bushe, takardar ta ɗame kamar fatar kalangu. Wannan aikin kwana uku ne ko huɗu ga mai yin sa da yamma bayan an tashi kasuwa.

Maganar sikeli ce

A nan ne mafi yawan masu koyo suke karaya, a nan ne kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saurin fahimta, domin maganar awo ce. Jirgi kamar sandar sikeli yake, akwai wurin da nauyin gaba da na baya suke daidaita. A ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fikafikai, kamar sulusin faɗin fiffike daga bakin gaba. Idan ya tsaya daidai ko hancin ya ɗan sunkuya, an dace. Kusan ko da yaushe wutsiya ce take rinjaye, sai a liƙa ɗan kaki ko danƙo a hanci har ya daidaita. Da yake wutsiya ta fi hanci nisa daga tsakiya, giram ɗaya da ya ƙaru a baya yakan ci giram uku ko huɗu a gaba kafin a biya shi. Shi ya sa gwanaye suke tsimin katako da gam a wutsiya kamar mai tsimin uwar kuɗi.

Gwaji da sassafe ake yi ko gab da magariba, lokacin da iska ta kwanta, a fili mai ciyawa ko rairayi. A fuskanci inda iska take fitowa, a riƙe jirgin daidai kafaɗa, hanci ya ɗan kalli ƙasa, a tura shi a hankali. Idan ya ɗaga kai ya tsaya cik, sannan ya faɗo, ya sake ɗagawa, to hanci na neman ƙarin nauyi. Idan ya nufi ƙasa kai tsaye, a rage. Idan kullum gefe guda yake karkata, a kalle shi ta gaba da ido ɗaya, za a ga fiffike ya murɗe. Sai a kara shi a tururin butar shayi, a murɗa shi baya a riƙe har ya huce. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san wanne ne ya yi magani ba.

Mai farfela sai ya iya sauka lafiya ba tare da an murɗa roba ba, sannan a fara da murɗi 50, a riƙa ƙarawa. Ƙarfin farfela yakan karkatar da jirgi hagu, ya kuma ɗaga hancinsa, don haka akan sa ɗan tsinke a bayan mazaunin farfelar ta ɗan kalli dama da ƙasa. Robar kuma shafa mata mai ake yi don kada ta ci kanta: gilisarin da ruwan sabulu, ko man zurma. Baƙin mai da basilin kashe roba suke yi.

Abin da ke cinye jarin

Abu na farko shi ne kuɗin dako. Kaya marar nauyi da girmansa ake caji. A jirgin ruwa CBM ake lissafawa, a jirgin sama kuma akan ɗauki kowane kubik mita a matsayin kilo 167 ko da bai kai ba, kwalin jirgi kuwa rabinsa iska ce. Fallaye da aka jera aka ɗaure sun fi kwalaye arahar dako nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne hanya. Igiyar 'yan lodi kaɗai ta isa ta lalata ɗauri guda, don haka a sa shi tsakanin katako biyu, a kuma ɗora shi a saman kaya. A rumfa a kwantar da fallayen a wuri shimfiɗaɗɗe, nesa da ƙasa saboda gara da laima. Da damina takarda takan saki, da hunturu kuma takan ɗame fiye da kima har ta murɗe fiffike. Maganin wannan shi ne a fara jiƙa takardar a busar da ita a kan wani firam kafin a rufa wa jirgi. Roba ita ce ta fi saurin mutuwa, rana da zafi ke cinye ta. Rufe iyakoki da aka yi a 2019 da 2023 ya nuna mana cewa kaya na iya yin watanni a kwantena, saboda haka a ja robar a gani kafin a sayar, a kuma ajiye ta cikin gwangwani a inuwa. Akwai wani ruwan fenti da ake shafa wa takardar, mai kama wuta ne, masu dakon jirgin sama ba sa karɓarsa haka kawai, ƙananan jirage kuma suna tashi ba tare da shi ba.

Na uku shi ne farashi, wanda ba masu wasa ke yanke shi ba. Manyan masu sayen balsa a wannan zamani su ne kamfanonin da ke ƙera fikafikan fankokin samar da lantarki da iska. A 2019 da 2020, da kamfanonin Sin suka shiga rige-rigen kafa fankoki kafin wa'adin tallafin gwamnatinsu ya ƙare, farashin balsa ya ninka, masu sara suka kutsa dazuzzukan Amazon na Ekwado har cikin ƙasashen ƙabilun yankin, shagunan masu ƙananan jirage kuma suka shiga ƙarancin falle mai kyau. Daga 2021 kasuwar ta lafa, wasu kamfanonin suka koma amfani da wani irin soso na roba. Darasin shi ne kada a yi wa makaranta ko wani mai saye alkawarin farashi na dogon lokaci.

Kwastan da jami'an tsaro

Wannan batu ba na wasa ba ne a kan iyakokinmu. A tsarin lambobin kwastan na duniya, kayan wasa da ƙananan samfura suna ƙarƙashin lamba 9503, tsagaggen katakon balsa yana 4407, jirage marasa matuƙi kuma tun 2022 an ware musu lamba 8806. A tabbata dillali ya rubuta abin da yake daidai a takardar kaya. Jirgin jifa da mai roba ba su da inji, ba su da batir, ba su da kyamara. Amma da zarar an ce akwai rimot, magana ta canza. A 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta sanar cewa ba wanda zai tashi jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kowa ya san yadda jami'an tsaro suke kallon duk wani abu mai tashi a yankunan da ake fama da 'yan bindiga. Shawararmu ita ce a tsaya ga mai roba, a riƙe guda ɗaya haɗaɗɗe da za a nuna wa jami'in kwastan ko duwan, a kuma nisanci barikin soja da filin jirgi wajen gwaji.

Su wa za su saya?

Yaranmu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya ga motar kara da ta langa-langa, ya ga yadda yara ke feƙe totuwar kara su soke ta da ɓawonsa su fitar da mota ko jirgi. Hannun yana nan. Abin da ya rage shi ne awo da daidaito, waɗanda su ne ke sa abin ya bar ƙasa. Totuwar kara da cikin gwangwala ba su da nauyi, sillen kara yana yin gangar jiki, sai dai ba sa ba da falle mai faɗi da ƙarfi kamar balsa. Mai dabara zai iya sayar da falle ɗaya na fiffike da wutsiya, tare da zane da farfela da roba, sauran yaro ya samo a gona. Ta haka farashin zai sauko inda talaka zai iya.

Masu saye na farko su ne malaman kimiyya na makarantun sakandare da na koyon sana'a, da iyayen da suka gaji da sayen abin da ke mutuwa ranar da aka saye shi. Yankinmu yana da manyan makarantun harkar jiragen sama guda biyu, EAMAC da ke Yamai tun 1963, da kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, kuma abin da ake fara koya wa ɗalibi a kan tashin jirgi, wato nauyi, ɗagawar iska da daidaito, shi ne yaro yake taɓawa da yatsunsa a wannan ɗan katako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai a gaya wa iyaye gaskiya: aikin reza ne, yaron da bai kai shekara 10 ba sai da babba a kusa, gam mai kamawa nan take kuma a nisanta shi da idon yara.

Ga mai son gwadawa, kada ya fara da katan ɗari. Ya sayo fallaye goma da kwalaye biyar masu sauƙi, ya ba wani yaron shagonsa mai natsuwa ya haɗa biyu, su fita bayan gari su daidaita su har su tashi. Ranar kasuwa ya rataye ɗaya a bakin rumfa, ya jefa ɗaya idan jama'a sun taru, gani ya kori ji. Ya kuma ajiye roba da farfela da takarda na sayarwa daban, domin wanda jirginsa ya tashi sau ɗaya zai dawo neman kayan gyara. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa albarka a nema.